Lord Lister, Likitan Da Ya Hana Rauni Ruɓewa

Yau za mu ba da labarin wani likita mutumin Ingila wanda a ke kira Joseph Lister. Shi bai taɓa sa kayan soja ba, aikinsa duk a asibitocin birni ya yi shi. Amma duk sojan da harsashi ya same shi, aka ɗaure masa raunin da ƙyalle mai tsabta, ya warke ya koma gida da ƙafafunsa biyu, to, akwai hannun wannan mutum a cikin warkewarsa.

An haife shi ran 5 ga Afril 1827 a Upton, wani ɗan ƙauye gabas da Landan. Ubansa attajiri ne, mai sha'awar ilmi ƙwarai, har ma shi ne ya gyara madubin nan da a ke duban ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, ya sa ya daina nuna abu dishi-dishi. Saboda haka tun yana yaro Lister ya saba da leƙen wannan madubi, abin da yawancin likitocin fiɗa na zamaninsa ba su damu da shi ba. Ya yi karatu a jami'ar Landan, ya sami takardar likita cikin 1852. Shekarar da ta biyo ya tafi Edinbara a ƙasar Sikotlan wurin James Syme, wanda ya yi suna wajen fiɗa, da nufin ya yi ɗan lokaci kaɗan ya komo. Sai zama ya kama shi. Cikin 1854 Yaƙin Kirimiya ya ci wani matashin likitan Edinbara, Richard Mackenzie, wanda ya bi soja ya mutu da kwalara, aikin da ya bari kuwa ya faɗo hannun Lister. Cikin 1856 ya auri Agnes, 'yar maigidansa Syme. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta zama ita ce magatakardarsa, yawancin littattafan da ya ke ajiye labarin gwaje-gwajensa da hannunta aka rubuta su.

Kafin mu gane abin da ya yi, sai mun san yadda asibiti ya ke a wancan zamani. Cikin 1846 aka fara shaƙa wa majinyaci maganin barci kafin a yanka shi, aka huta da ihu da ɗaurewa da igiya. Wannan alheri ne babba, amma ya jawo wata masifa a bayansa. Da likitoci suka ga majinyaci ba ya jin zafi, sai suka yawaita fiɗa, suka riƙa shiga inda dā ba su isa su taɓa ba. Aiki ya yi kyau, a mai da mutum gado, bayan kwana uku ko huɗu raunin ya kumbura, ya cika da mugunya, zazzaɓi ya rufe shi, nama ya baƙanta ya riƙa zubewa, sai a wayi gari ya cika. Likita ya kan shigo da tsohuwar rigar aiki wadda jini da mugunya suka bushe a jikinta har ta sandare, zaren ɗaure jijiya yana rataye a ramin maɓallinta. Da soso ɗaya a ke wanke raunin mutum goma. Ba ƙeta ce ta sa su haka ba. Abin da aka koya musu shi ne mugunya alamar warkewa ce, ruɓa kuwa iska mai wari ce ke kawo ta, wadda ke tasowa daga juji da kaburbura. Har wani babban likitan Edinbara, James Simpson, ya nuna cewa wanda aka kwantar a teburin fiɗa ya fi sojan da ya tsaya a fagen yaƙin Waterloo kusa da mutuwa. In asibitin birni ke nan a lokacin zaman lafiya, sai ku kwatanta bukkar jinya a bayan fagen fama.

Cikin 1860 aka naɗa Lister shaihun malamin fiɗa a jami'ar Gilasgo, shekara guda bayan haka aka danƙa masa ɗakunan jinya a babban asibitin garin. Gilasgo gari ne na ma'aikatun ƙarfe da ƙera jiragen ruwa, kullum ana kawo waɗanda inji ya murƙushe. A nan wani abu ya tsaya masa a rai. Ga mutum biyu, gado kusa da gado, iska ɗaya su ke shaƙa. Ɗaya ƙashinsa ya karye a ciki, fata ba ta fashe ba, an yi masa ɗori, ya warke sarai. Ɗayan ƙashi ya huda fata ya leƙo waje, shi kuwa sai raunin ya ruɓe, in ba a yi hanzarin yanke ƙafar ba ya mutu, ko an yanke ma sau da yawa ya mutu. Kowane maɗori ya san karayar da ta huda fata ta fi wuya. Abin da Lister ya ƙi bari ya wuce shi ne dalili. Mene ne ke shiga ta wannan ƙofa da fata ta buɗe?

Amsa ta zo masa cikin 1865, daga inda bai zata ba. Wani abokin aikinsa, Thomas Anderson, malamin ilmin haɗa magunguna, ya nuna masa rubuce-rubucen wani Bafaranshe, Louis Pasteur. Pasteur ba likita ba ne. Ya binciki abin da ke sa madara ta yi tsami da abin da ke sa romo ya lalace, ya tabbatar cewa waɗansu ƙananan halittu ne masu rai, suna cikin ƙura, suna kan kome da kome, in an hana su shiga kuwa romo zai daɗe bai ɓaci ba ko da iska tana taɓa shi. Lister ya ga lalle abin da ke ɓata romo shi ke ɓata rauni. Hanyoyin kawar da su uku ne: a tafasa, ko a tace, ko a zuba musu magani. Ba a tafasa ƙafar mutum, ba a kuwa tace ta. Saura magani.

Ya ji labari cewa a garin Carlisle hukuma tana zuba wani ruwa mai suna kabolik, wanda a ke tatsowa daga kwalta, a cikin ƙazantar magudanan gari, wari ya ɗauke, shanun da ke kiwo a filayen da a ke malala ruwan kuma suka daina ciwo. Ran 12 ga Agusta 1865 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 11, James Greenlees, wanda ƙafar keken doki ta taka shi, ƙashin ƙaurinsa na hagu ya karye ya huda fata. Bisa al'adar zamanin, yanke ƙafar ya fi kusa. Lister ya jiƙa ƙyalle da kabolik ya rufe raunin, ya yi ɗori, ya jira. Ran kwana na huɗu, ranar da mugunya ta saba bayyana, yaron ya yi kukan zafi. Aka kwance, sai aka tarar babu ruɓa ko kaɗan, maganin ne ya ɗan ƙone fatar gefe. Sai ya surka shi da mai don ya rage kaifinsa. Bayan mako shida yaro ya fita asibiti yana takawa da ƙafafunsa.

Lister bai yi garajen shela ba. Ya ci gaba har ya tara majinyata 11 masu irin wannan karaya, sa'an nan cikin 1867 ya buga labarinsu a jaridar likitoci mai suna Lancet. Tara sun warke da gaɓoɓinsu, ɗaya an yanke masa ƙafa, ɗaya ya mutu. A cikin wannan shekara kuma 'yar'uwarsa Isabella ta zo masa da ciwon daji a nono, wanda waɗansu manyan likitoci suka ƙi taɓawa don tsoron abin da zai biyo baya. Ya yi mata aiki a cikin gidansa, raunin ya warke bai ruɓe ba, ta ƙara shekara uku a duniya. Daga baya ya lissafa waɗanda ya yanke wa gaɓa: kafin kabolik mutum 35, aka rasa 16; bayan kabolik mutum 40, aka rasa 6.

Ya kamata mu faɗi cewa ba shi ne farkon wanda ya sa kabolik a rauni ba, wani Bafaranshe Jules Lemaire ya riga shi. Haka kuma tun 1847 Semmelweis a birnin Biyana ya tilasta wa likitoci wanke hannu kafin su taɓa masu haihuwa. Fifikon Lister shi ne ya san abokin gāban da ya ke yaƙi da shi, ya kuwa tsara masa tarko ta kowace ƙofa: hannun likita, da wuƙa, da zare, da ƙyallen ɗauri.

A kan ƙyallen ɗaurin nan ya ƙare shekaru masu yawa. Matsalar ita ce kabolik yana bin iska ya gudu, in an sa da yawa kuwa ya ci naman da a ke so ya warke. Da fari ya riƙa rufe ƙyallen da ɗan fallen ƙarfen kuza don maganin ya zauna. Sa'an nan ya kwaɓa shi da mai da alli ya zama kamar yumɓu, ya shafe raunin. Daga bisani ya tsaya a kan wani tsari: a fara shimfiɗa siliki mai mai a kan raunin don ya tsare nama daga kaifin magani, a bisa wannan a jera ƙyalle shara-shara ninki takwas wanda aka riga aka jiƙa da kabolik da ƙaro da kaki, a saka falle na roba a ƙarƙashin ninkin waje. Amfanin robar shi ne ruwan da ke fitowa daga raunin kada ya huda ya fito kai tsaye, sai ya bi ta cikin ƙyallen mai magani tukuna, don kada ya zama gadar da ƙwayoyin cuta za su hau su shiga. Ya kuma gyara zaren ɗaure jijiyar jini. Dā da siliki a ke ɗaurewa, a bar bakin zaren yana lilo a waje sai ruɓa ta sake shi a zare. Shi sai ya ɗauki zaren da a ke yi da hanjin tumaki, ya jiƙa shi da kabolik, ya gwada a wuyan ɗan maraƙi a ƙarshen 1868, ya ga jiki yana shanye shi da kansa. Daga nan aka sami damar datse zare a rufe rauni gaba ɗaya.

Ana cikin haka, cikin Yuli 1870, yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa. Lister ya riga ya koma Edinbara ya gaji kujerar surukinsa. Cikin Satumba ya buga wata 'yar gajeruwar takarda musamman domin likitocin soja, ya rage tsarinsa yadda a ganinsa za a iya yi a filin daga: a wanke raunin da fatar da ke kewaye da shi da ruwan kabolik, likita ya tsoma yatsunsa da kayan aikinsa a ciki kafin ya nemi harsashi, a rufe da ƙyalle mai man kabolik. Kaɗan ne suka bi. Likitan da aka zube wa mutum ɗari biyu a cikin coci ko rumbun hatsi da dare ɗaya ba shi da lokacin jera ninki, maganin ma bai wadata ba, galibinsu kuwa ba su gaskata da halittar da ba su taɓa gani da idonsu ba. Faransawa suna cusa wa rauni tsohon ƙyalle da mata da yara suka tsefe da hannu a gidaje, kowane likita kuma ya zo sai ya zura yatsa yana laluben harsashi. Lissafin da aka yi bayan yaƙi ya nuna cewa a wajen Faransawa an yanke gaɓar mutum kamar 13,000, kimanin 10,000 daga cikinsu suka mutu. Wannan kuwa shekara uku ke nan bayan labarin yaron Gilasgo ya fita a jarida.

Amma wahalar ba ta tafi a banza ba. Likitocin Jamus sun komo daga yaƙi da abin da suka gani a zukatansu. Richard von Volkmann ya tarar asibitinsa a Halle ruɓa ta mamaye shi har ya yi tunanin a rufe shi, sai a ƙarshen 1872 ya ce bari ya gwada hanyar Lister tukuna. Ya bi ta daki-daki, mutuwa ta ja baya ƙwarai. A Munik, inda cikin 1874 raunuka 80 cikin 100 su ke kamuwa da ruɓar asibiti, Nussbaum ya ɗauki hanyar, ciwon ya ɓace daga ɗakunansa. Da Lister ya zaga Jamus cikin 1875, tarbar sarauta aka yi masa.

A gida fa? Ko da ya ke cikin 1871 shi aka kira ya tsaga wa Sarauniya Biktoriya maruru a hamata, likitocin Landan sun daɗe suna yi masa dariya. A Amurka ma ya je cikin 1876 ya yi bayani, manya suka saurara suka watsar. Shekara biyar bayan haka aka harbi shugaban ƙasarsu Garfield, likitoci suka yi ta zura yatsu marasa wanki suna neman harsashi, ya yi jinya fiye da wata biyu, ruɓa ta kashe shi. A ganinmu Lister ma yana da nasa kason laifi. Kusan kowace shekara sai ya sake tsarin ɗauri, wanda ya koyi na bara ya zo ya tarar an canja. Ya kuma ƙago wani famfo mai fesa kabolik a iska lokacin fiɗa, wanda ke shaƙe likita da majinyaci, ya tsattsage fatar hannu. Mutane da yawa suka ɗauka kabolik ɗin shi ne dukan karatun, su yayyafa shi a rauni sa'an nan su share wuƙa a rigarsu, in majinyaci ya mutu su ce hanyar banza ce. Malaman makaranta sun san irin wannan almajiri, wanda ya haddace ƙa'ida bai san dalilinta ba. Don ya karya wannan taurin kai ne Lister ya bar ɗaruruwan almajirai a Edinbara cikin 1877, ya koma King's College a Landan inda da fari 'yan ƙalilan ke zuwa darasinsa. Can ya tsaga gwiwar wani mutum da gangan, ya ɗinke ƙoƙon gwiwar da ya fashe da wayar azurfa, abin da a lokacin a ke gani kamar kisan kai ne, mutumin kuwa ya warke ya taka.

A wannan shekara ta 1877 ne aka fara gwada koyarwarsa sosai a fagen fama, cikin yaƙin Rasha da Turkiyya. Likitoci biyu na wajen Rasha suka bi ta, amma kowa da fahimtarsa. Ernst von Bergmann, a bakin kogin Danub, ya hana laluben harsashi. In an harbi soja a gwiwa, a rufe raunin nan da nan da ɗauri mai magani, a sandare ƙafar da farar ƙasar ɗori, a ƙyale shi. Mutane da yawa da dā za a yanke wa ƙafa suka tsira da ita. Carl Reyher kuwa, wanda ya taɓa zuwa Edinbara ya ga aikin Lister da idonsa, yana can duwatsun Kaukasas, shi ya ga sai an buɗe raunin an yanke mataccen nama, an fitar da tsumman riga da ƙasa, sa'an nan a sa magani. Duniya ta fi karkata ga Bergmann, don hanyarsa ta fi sauƙi. Sojoji suka fara tafiya yaƙi kowa da ɗan ƙunshin ƙyalle mai magani a aljihu, don a rufe rauni tun a inda mutum ya faɗi. Yaƙin Ingila da Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, ya ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi, gama ƙasar busasshiya ce ba a cika nomanta ba, harsashin bindiga kuwa siriri ne, ya kan shige ya fita ya bar ɗan rami mai tsabta.

Shi Lister bai tsaya inda ya fara ba. Cikin 1889 ya kawo sabon ƙyalle mai gishirin zaiba a maimakon kabolik. Cikin 1890, a taron likitoci a Balin, ya tashi a gaban jama'a ya janye famfon fesawar nan, don bincike ya nuna ƙwayoyin da ke kan hannu da kayan aiki sun fi na iska haɗari nesa. A lokacin Jamusawa sun riga sun fara turara kayan fiɗa da tururi, watau a kashe ƙwayoyin tun kafin su kusanci rauni, ba sai an zuba wa nama guba ba. Girma ya yi ta zuwa masa. Ya shugabanci babbar ƙungiyar masana ta Ingila daga 1895 zuwa 1900, cikin 1897 aka ba shi sarautar Lord. Amma tun da Agnes ta rasu cikin 1893, suna hutu a Italiya, bai sake sakewa ba. Ya mutu ran 10 ga Fabrairu 1912 a Walmer, yana da shekara 84. An so a binne shi a Westminster tare da sarakuna da manyan ƙasa, amma ya riga ya bar wasiyya a kai shi kusa da matarsa a Hampstead, haka kuwa aka yi.

Shekara biyu da rabi bayan mutuwarsa Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya zo da raunin da ba a shirya masa ba. Gonakin Faransa da Beljiyam an yi ɗaruruwan shekaru ana zuba musu taki, ƙasar cike ta ke da ƙwayoyin ruɓa da na ciwon nan mai sandare jiki ya ƙulle haƙora. Ɓarɓashin harsashin igwa kuwa ya kan yaga nama ya tura laka da tsumma can ciki. Aka rufe irin waɗannan raunuka yadda aka saba, sai ƙafafu suka riƙa kumbura da iska suna ruɓewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohon almajirin Lister, Watson Cheyne, ya tsaya a kan a ƙara ƙarfin magani. Almroth Wright da mataimakinsa Alexander Fleming, a asibitin soja na Boulogne, suka nuna cewa maganin ba ya kaiwa lungunan raunin, yana kuma kashe fararen ƙwayoyin jini waɗanda su ne dakarun jiki. Gardama ta yi zafi tsakaninsu. A ƙarshe likitoci suka koma ga abin da Reyher ya yi a Kaukasas, a buɗe, a yanke duk naman da ya mutu, a bar raunin a buɗe sai ya tsarkaka a ɗinke. Cikin 1915 kuma Alexis Carrel da Henry Dakin, a Compiègne, suka haɗa wani ruwan kulorin mai sanyin kaifi, a ke ɗura shi ta 'yan bututun roba har cikin raunin kowace sa'a biyu, ba dare ba rana. Kabolik ya fita daga cikin rauni ke nan. Ƙunshin nan da sojan Ingila ya tafi da shi Faransa cikin 1914 kuwa, ɗinke a cikin rigarsa, ƙyalle biyu ne da bandeji a cikin jaka mai hana ruwa, an jiƙa ƙyallen da gishirin zaiba irin wanda Lister ya shigo da shi.